Ƙararrawar Garba a Gefen Hagu

Idona na hagu yana nan a mazauninsa, fari tas, yana juyawa tare da ɗan'uwansa duk inda ya juya. Sai dai ba ya ganin komai. Wanda ya kalle ni ba zai sani ba sai in na faɗa masa, kuma rashin faɗar nan ne ya karya wa abokina ƙashi, ya kusa raba ni da abin da na fi so a duniya bayan iyalina. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, duk da cewa zama ba halina ba ne. Hannatu matata ta ce in rubuta har wuraren da ban kyauta ba, in ba haka ba ita ma ta iya riƙe biro.

Sunana Istifanus, ina koyar da lissafi a wata firamare a Samaru, amma a unguwa Tica mai keke aka san ni. Na fi shekara ashirin ina tseren keke. Mu goma sha biyu ne, kowace Asabar da sassafe mukan haɗu a bakin kasuwar Samaru, mu kama hanyar Shika, mu je Giwa mu juyo. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbi, mukan yi tsere na gaske a tsakaninmu, kuma an daɗe ba mai cin sa sai ni ko Garba. Garba mai walda ne a Chikaji, gidansa na Hanwa. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani nauyi a jikin keke kamarsa ba. Na taɓa samunsa yana huda ƙananan ramuka a hannun birkinsa don ya rage nauyin da bai kai na ƙwayar gyaɗa ba. In ya ga keken tsere da ƙararrawa kuwa, sai ya ce a gaya wa mai shi ya koma tallar burodi.

Abin ya faro ne da akuya. Wata Asabar cikin damina, mun ɗan wuce Shika, ta tsallako titi ba sallama, na taka birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, na faɗi ta gefen hagu. Hular kwano ta kare kaina, amma kumatuna da gefen idona sun daki ƙasa. Na tashi na karkaɗe jiki, aka yi mini dariya, na rama, muka ƙarasa Giwa. Da na dawo gida Hannatu ta wanke mini ƙujewar gwiwa da ruwan gishiri, ita ce kaɗai raunin da muka ɗauka rauni.

A satin farko na fara ganin walƙiya a gefen idon. Da yake damina ce, ranar farko har na ƙwala wa Hannatu kira ta kwashe shanya, ta leƙa ta ce, "Baban Rahila, wane hadari? Rana ce tsaka." Bayan walƙiyar sai wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙananan ƙudaje suka fara yawo a gabana, in na kai hannu babu komai. Babu zafi, babu ja, babu hawaye. A nan na yi kuskuren farko, na ɗauka abin da ba ya ciwo ba ciwo ba ne.

A sati na biyu na shiga kemis na faɗi abin da nake gani, aka ba ni maganin ɗigawa. Goggo Laraba, ƙanwar babana, ta zo ta ce hawan jini ne, duk danginmu da shi ake binne su, in daina gishiri in riƙa ɗiga zuma da safe. Wani dattijo a coci ya ce shekaru ne, tabarau nake bukata. Na bi maganarsa na hau keke har Sabon Gari, wajen wani mai sayar da tabarau a kan tebur. Ya jarraba mini guda shida, ya miƙo mini jarida, na karanta tsaf, ya tafa hannu ya ce, "Oga Tica, you see? Na age," wato shekaru ne. To ai dole in karanta, idon dama ne yake yin aikin duka ban sani ba. Kowa a cikinsu da kyakkyawar niyya ya yi, na gode musu, amma sati uku suka tafi a tsakanin zuma da tabarau, ni kuma ko Asabar ɗaya ban fasa hawa keke ba.

Garin alli ne ya tona asirin. Ina goge allo a aji, ya faɗa mini a idon dama, na rufe shi da tafin hannu na juyo. Rabin ajin babu. Kamar an ja baƙin labule, yaran da ke ɓangare ɗaya ina jin hayaniyarsu amma ba na ganinsu. Na buɗe hannu suka dawo, na rufe suka ɓace. Na yi haka ya fi sau biyar, yara suna dariya sun ɗauka wasa nake musu. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da ban taɓa ji ba ko a gaban tirela.

Washegari ƙarfe shida muna babban asibiti, ni da Hannatu, muka tarar da mutane sun riga mu har layi ya yi kwana. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma babu ɗaya daga ciki da aka yi shi don mutum irina. Na zauna na tashi, na ƙirga tagogi, na je na dawo, har wata tsohuwa ta ce wa Hannatu, "'Yata, mijinki fitsari yake ji ne?" Da azahar likita ya gan ni na minti biyar, ya rubuta takarda zuwa sashen ido. A can aka duba littafi aka ce in dawo bayan sati biyu. Har mun juya, wata nas da ke wucewa ta ji Hannatu tana cewa labule, ta tsaya ta tambaye ni, "Baba, labule kake gani? Da walƙiya?" Na ce e. Ta karɓe takardar daga hannuna ta shige ciki da ita. Ban san sunanta ba har yau, amma ba na addu'a in manta da ita.

Aka ɗiga mini wani magani mai buɗe ƙwayar ido, aka ce in jira awa ɗaya. Likitar ido mace ce, ba ta kai ƙanwata ba a shekaru. Ta haska fitila ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam, yaushe ka fara ganin walƙiyar?"

Na ce, "Sati huɗu ke nan, ko da ɗan ɗoriya."

Ta ajiye bironta a kan tebur. Sannan ta bayyana mini cewa a can bayan ido akwai wata siririyar fata da take karɓar hoto, ritina take suna, faɗuwar da na yi ta yaga ta, ruwa ya shiga ta yagewar yana ɓamɓare ta a hankali. Ta ce da na zo a satin walƙiya, da haske kawai za a liƙe wurin in tafi gida da ƙafata. Yanzu kuwa sai aiki, kuma ba a nan ba, sai Kaduna, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Wannan kalma, ritina, na kwana na tashi da ita wata da watanni.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Na sayar da tayoyina na tsere guda biyu da nake ɓoyo a bayan kwaba, Hannatu ta saki keken ɗinkinta ɗaya, zumuntar mata ta coci ta yi karo-karo, Garba ya zo da ambulan na kuɗi daga 'yan keke ya ajiye a kan tebur. Haɗa wannan ya ci mana kusan sati biyu, labulen kuma kullum yana ƙara rufewa.

A sati na shida aka yi aikin. Da na farfaɗo aka gaya mini an sa kumfar iska a cikin idon, ita ce za ta danne fatar ta koma ta manne. Amma iska sama take tashi, don haka dole bayan idona ya kalli sama. Ma'ana in kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, kwana goma sha huɗu, dare da rana, sai ɗan mintunan cin abinci da bayan gida. Na ce wa likitan ya sake faɗa, ko ban ji daidai ba. Ya sake faɗa, ya kuma kalli Hannatu ya ce ita ya damƙa wa amanata.

Wanda bai yi wannan kwanciya ba, ba zai gane ba. Hannatu ta jawo benci biyu ta haɗa a falo, ta bar tsaga a tsakani, ta naɗa zane ta yi gammo irin na ɗaukar kaya, na ɗora goshina a kai ina kallon siminti. Kunu da bututun roba nake sha. Wuyana ya sage, bayana ya riƙe, ƙafafuna kuwa suka ƙi yarda an daina aiki, sai in ji suna taka feda su kaɗai. Na san duk wata tsaga da ke simintin nan, na san hanyar da tururuwa suke bi zuwa ƙarƙashin kujera. Masu dubiya da ƙafa nake gane su. Takalmin fasto mai sheƙi, silifas ɗin Goggo Laraba da aka ɗaure da waya, ƙafar Garba mai tabon ƙunar walda. Kowa ya shigo sai ya sunkuyo ya ce wa ƙeyata, "Sannu, Tica." Sannu da safe, sannu da rana, sannu da yamma. Na tsani kalmar nan kamar me, don duk wanda ya faɗe ta ji nake yana cewa nawa ya ƙare.

Hannatu ta sha wahalata. Na yi mata tsawa a kan kunu ya yi zafi, na yi mata a kan ya huce. Ta matsa mini wuya da man zafi, ta karanta mini Zabura, na ce ta cika sauri. Ta kunna rediyo na ce ta kashe, ta kashe na ce gidan ya yi shiru kamar maƙabarta. Sau ɗaya kawai ta mayar mini, ta ce, "Baban Rahila, ni ma fa kwana tara ke nan ban miƙe bayana a gado ba." Sai a lokacin na lura a tabarma take kwana kusa da bencina don kada in juya cikin barci.

A kwana na goma na yi kuskure na biyu, abin da ba mai yi sai ɗan keke. Hannatu ta tafi kasuwa. Na kwanta ina lissafi, ni malamin lissafi. An ce fuska a ƙasa. To, mai tsere in ya sunkuya a kan keke ina fuskarsa take? A ƙasa. Ashe ke nan zan iya bin dokar likita in kuma motsa jini. Na tashi a sunkuye na jawo keken daga ɗaki, na ɗora ƙarfen tayar baya a kan bulo biyu don ta yi lilo, na hau, na kifa kai, na fara takawa. Minti biyar na farko na ji kamar an dawo mini da raina. Sai na ƙara wuta. Bulo ɗaya ya goce, na zube da keken a gefen kujera, kaina ya girgizu. A haka Hannatu ta same ni, da ledar tumatir a hannunta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ledar ta zauna a ƙasa ta yi kuka, wanda ban ga ta yi ba ko ranar aikin.

Da muka koma Kaduna na yi niyyar yin shiru, ita ta faɗa. Likitan ya duba ya ce fatar ta sake ɓallewa, ta kuma fara tattarewa. Na tambaye shi ko keken ne. Ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma jinkirin farko ne ya riga ya gama aikin, ba wanda zai iya rantsuwa. Wannan amsa ta fi mini zafi a kan ya ce laifina ne, don har yau ina juya ta. Aka sake gwada aiki na biyu bayan wata ɗaya, na yi kwanciyar a wannan karo kamar gawa, ban ɗaga kai ba, amma hasken bai dawo ba. Likitarmu ta Zariya ce ta rufe maganar. Ta ce, "Malam, yanzu taya ɗaya gare ka, kuma babu safaya." Ta rubuta mini tabarau mai kauri wanda ba ya fashewa, ta ce in riƙa kawo idon dama ana dubawa ko yana lafiya ƙalau.

Rayuwa da ido ɗaya ba duhu ba ce kamar yadda mutane suke zato. Matsalar nisa ce. Na zuba shayi a gefen kofi. Na miƙa wa mutum hannu na kama iska. Matakalar coci ta zama shimfiɗa ɗaya, sai na laluba da ƙafa. Ƙofar ajina kuwa ta san kafaɗata ta hagu sosai. A hankali na koyi taɓa bakin kofi da butar kafin in zuba, na koyi juya kai gaba ɗaya kamar mujiya. Wata huɗu bayan aikin na biyu na fara hawa keke ni kaɗai a cikin unguwa, na ga ina iyawa.

Sai na yi kuskure na uku, wanda ya fi sauran muni. Na ce wa 'yan keke ido ya warke. Na sa Hannatu ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba, ta yi ba da son ranta ba. Tsoro nake ji su ce in zauna a gida, ko su bar ni in biyo su a baya suna waiwayowa suna ce mini sannu.

Ga wanda bai san yadda muke tafiya ba: layi ɗaya muke yi a gefen dama na titi, kowa tayarsa dab da ta na gabansa, tazarar ba ta wuce yatsu huɗu ba, don na gaba ya tare wa na baya iska. In na gaba ya gaji sai ya waiga hagu, ya ga ba kowa, ya kauce ta nan ya koma ƙarshen layi. Duk tafiyar a kan amana take, kowa ya yarda na kusa da shi yana gani. Asabar ta farko da na dawo, mun wuce Shika na karɓi gaba, na ja har numfashina ya ƙare. Na waiga hagu irin waigen da na saba shekara ashirin, ɗan kaɗan, wanda da yake isa. Ban ga kowa ba. Na kauce. Ashe Garba ya fito daga layi zai wuce ni, kamar yadda ya saba tsokanata a daidai wurin nan. Kafaɗata ta daki hannun kekensa. Ni na tsaya da ƙyar, shi ya tashi sama ya sauka a kan kafaɗa, Allah ya taimaka babu mota a bayanmu.

Yana zaune a bakin kwalta, ya riƙe hannun dama da na hagu, ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya turo fata. Ya ɗago ya ce, "Tica, ba ka gan ni ba?"

Na ce, "Ban gan ka ba."

"Ina dab da kunnenka fa. Har magana na yi ma ka."

Mutum goma suna tsaye a kanmu. Na cire tabarau na ce, "Wannan idon ba ya gani, Garba. Tun aikin bai dawo ba."

Aka tare mota aka sa shi.

Sati shida Garba bai riƙe ƙarfen walda ba, mutum mai iyali. Na riƙa zuwa Hanwa bayan an tashi makaranta, Hannatu tana ba ni kwanon abinci in kai. Ranar farko na tsaya a ƙofar ɗakinsa ina neman abin faɗa, na duba duk Hausar da na sani, ban sami komai ba sai sannu. Na faɗe ta, na ji yadda take fitowa daga ciki, na ji kunyar duk mutanen da na yi wa fushi a zuci. Garba bai amsa ba sai a zuwa na uku. Ya ce, "Ba ƙashin ne ya dame ni ba, ƙashi yana ɗoruwa. Shekara ashirin ina bin tayarka ido rufe. Da ka ce mani ba ka gani, ce ma ka aka yi zan gudu?" Na zauna ina kallon tabon ƙafarsa.

'Yan keke suka yi shawara ba da ni ba, babbanmu Alhaji Sani ya same ni a makaranta ya faɗa mini cikin mutunci cewa ba zan sake shiga layi ba. Ban yi musu ba, da ni ne ma haka zan yanke. Amma Asabar ta zama mini azaba. Tun asuba nake farkawa, in ji ƙarar kacarsu suna wucewa ta bakin titi, in tashi in zaga tsakar gida. Daga baya na fara fita ni kaɗai ta hanyar da ba sa bi. Na koyi juya wuya har haɓata ta taɓa kafaɗa. Na koyi gane zurfin rami da inuwarsa, na koyi sauraron mota tun tana nesa. Na koyi riƙe layina kamar an ja shi da rula, ko me ya faru ba na kaucewa sai na tabbatar.

Ana saura sati ɗaya tseren shekara, ranar Asabar, na je bakin kasuwa don in gan su kawai. Sai ga Garba ya iso, kafaɗa ta warke, a hannun kekensa kuma an ɗaure wata tsohuwar ƙararrawa irin ta baƙin keke, mai tsatsa, ta kai girman lemo. Aka fashe da dariya, wani ya ce, "Garba, nawa burodin?" Bai kula su ba. Ya ce wa Alhaji Sani, "Alhaji, Tica zai hau. Zai riƙe bakin kwalta, ba zai kauce hagu ba. Duk mai wuce shi ya yi mashi magana da ƙarfi. Ni in ina haki ba na iya magana, shi ya sa na sa wannan. In ya sake kayar da wani, ni na kayar." Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in faɗa da bakina, a gaban kowa, abin da nake gani da abin da ba na gani. Na faɗa duka.

Hannatu ba ta yi murna ba, kuma ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Ta ce, "In ɗayan ya tafi, ni ce zan riƙe maka sanda, ba Garba ba." Kwana biyu ba ta sake tayar da maganar ba. Ana gobe tsere na ɗauki tabarauna na tarar ta ɗinka masa roba mai faɗi da za ta zagaye ƙeya, don kada ya faɗi ko na faɗi.

Kafin in ƙarasa, ga abin da ya sa na rubuta. In ka bugu a kai ko a ido, ka fara ganin walƙiya ko ƙudaje ko labule, kada ka jira ciwo, ba zai zo ba. Kada ka tsaya a kemis, kada ka ɗiga zuma, ka tafi asibitin ido a ranar, ka kuma faɗi kalmar labule da ƙarfi har wani ya ji. Rufe ido ɗaya ka gwada ɗayan ba ya cin ko minti. In an ce ka kwanta, ka kwanta, kada ka yi wayo irin nawa. In kuma abin ya riga ya faru, ka faɗa wa waɗanda suke tafiya a gefenka.

Ranar tsere abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma ba faɗuwa ba ce. Tsoro nake Garba ya bar mini. Na san shi, na san yana da tausayi a ƙarƙashin baƙar maganarsa, kuma in ya bar mini na ci, to sannu ce mafi girma da aka taɓa yi mini, daga ranar kuma na gama tsere ko da ina hawa keke.

Muka je Giwa muka juyo. Masu wuce ni suna ihu, "Hagu, Tica!" ina riƙe da layina. A hawan da ke bayan Shika mutane suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har na daina jin kacar kowa sai ta mutum ɗaya a bayana. Da rufin gidajen Samaru suka bayyana na tashi tsaye a kan feda na zuba duk abin da ya rage mini. Ina hango Alhaji Sani a inda aka ja layi da alli, ya riga mu a mota. Ina gaba. Gefen hagu shiru, baƙi ƙirin kamar kullum. Na ce a raina shi ke nan, ya bar mini, saura kaɗan in daina takawa.

Sai na ji ta, dab da kunnena. Ƙililin, ƙililin.

Na riƙe layina. Tayarsa ta shigo inda idon dama yake gani, sannan hannunsa, sannan bayansa, ya sunkuya yana huci, bai ko kalle ni ba. Ya riga ni taka allin da tsawon keke guda.

Muka tsaya a gindin wata bishiya, kowa ya kifa kai a kan kekensa yana haki. Ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba, har hawaye suka zubo mini, kuma daga idanun biyu suka zubo, don mataccen ma bai manta wannan aikin ba. Da numfashin Garba ya dawo ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ka yi ƙiba a kwanciyar nan, Tica. Da ƙararrawa fa na ci ka, ka san nauyinta kuwa?"

Na ce ya ajiye ta da kyau kada ta ƙara tsatsa, don baɗi daga nesa zai riƙa buga ta.